Nasiha Ga Matasa Kan Iyayenmu Da Fitsari Ke Kufce Musu

'Yan'uwana matasa, akwai wata larura da ta shiga gidajenmu da yawa amma ba a ambatonta a majalisa, kuma ko 'ya'yan ciki ɗaya sukan ji nauyin tattauna ta a tsakaninsu, ita ce kufcewar fitsari ga babban mutum. Alamunta sukan bayyana tun kafin wani ya iya faɗin sunanta. Dattijon da aka saba gani a sahun farko sai ya koma yin salla a ɗaki, mahaifiyar da ba a suna ko biki a dangi ba ta je ba sai ta fara cewa ƙafa ke damunta, alhali abin da take tsoro shi ne ta tashi daga kan tabarmar mutane a ga jiƙa. Mu da muke kusa da su mukan ji zarni a ɗakin, mu ga zannuwa sun yi yawa a kan igiya, sai mu kawar da kai muna ganin kara muka yi musu. Wannan kara ita ce take barin mutum ya shekara biyar ko goma a kulle da ciwon da sau da yawa yana da magani, kuma ko inda maganin bai samu ba akwai hanyar da za a rayu da shi cikin tsafta da mutunci.

Ya kamata mu fara cire wa kanmu tunanin cewa wannan abu tsufa ne kawai, ko ƙazanta, ko sakaci. Mafitsarar babban mutum takan riƙe kimanin mililita 400 zuwa 600, kuma riƙon nan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da tsokar da take tallafe da mafitsara daga ƙasa. Idan ɗaya daga cikinsu ya sami rauni, fitsari zai kufce ko da mutum ya fi kowa tsafta. Akwai wadda tari ko atishawa ko dariya ko ɗaukar tulun ruwa ke sa ya ɗigo mata, wannan ya fi yawa ga matan da suka yi haihuwa da yawa ko suka daina al'ada. Akwai wanda fitsari ke matsarsa farat ɗaya, kafin ya ɗauki buta ya kai makewayi ya riga ya zubo. Ga maza kuma akwai wata 'yar tsoka da ta kewaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, takan girma ga kusan rabin mazan da suka kai shekara 60, ta matse hanya har mafitsara ta cika ta riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan. Ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da raunin laka da ƙiba da taurin bahaya duk suna jawo shi, haka ma wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Wani kuwa mafitsararsa lafiya lau take, ciwon gwiwa ne ko raunin gani ya hana shi isa bayan gida a kan lokaci, musamman da dare a gidajen da makewayi yake can ƙarshen tsakar gida.

Tunda dalilan sun bambanta haka, wajibi ne a kai mutum asibiti kafin a yanke cewa kunzugu ne makomarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da mahaifi zai ji nauyin faɗa wa ɗansa zai iya faɗa wa likita idan an bar su su biyu. Idan aka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da zafi wajen yinsa, ko fitsarin ya tsaya cak mara ta kumbura, ko ƙafafu suka mutu tare da kufcewar, to ba abin jira ba ne, a tafi a ranar. Ga masu ɗigo lokacin tari akwai atisayen matse tsokar ƙasan mara wanda likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, ana matsewa kamar mai riƙe fitsari na 'yan daƙiƙu a saki, a maimaita sau da dama kowace rana, kuma ana so a jure masa aƙalla wata 3 kafin a ce bai yi ba. Mata da yawa sun sami sauƙi da shi ba tare da ƙwaya ko tiyata ba.

Dole in tsaya a kan yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda, domin shi ne ya fi cin mutuncin 'yan'uwanmu mata, kuma da yawansu sa'o'inku ne ko ƙannenku. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji har jini ya daina isa gare shi, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe, fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tsayawa. Yankan gishiri ma yana haddasa shi. Wannan yarinya yawanci ta rasa ɗan da ta sha wahala a kansa, sannan miji ya sake ta, a ware mata kwano da tabarma a gidan iyayenta. Abin takaicin shi ne ciwon ana ɗinke shi. A Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980, an yi wa dubban mata aiki sun koma gidajensu a bushe. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala da ke Kano, akwai ta Ningi a jihar Bauchi, akwai ta Jahun a Jigawa, akwai Evangel a Jos, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012, kuma a yawancinsu ba a karɓar kuɗin aikin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Mayu don tunawa da wannan ciwo, amma macen da ke ƙauye ba bikin rana take bukata ba, ɗan'uwan da zai biya mata kuɗin mota ya raka ta take bukata. Kunzugu a wurinta abin rufin asiri ne a hanya da lokacin jiran aiki, kada ya zama dalilin fasa tafiya.

Shi kuwa kunzugun manya, wanda a kemis aka fi sani da pampas na manya, yana da iri-iri, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo mafi girma ga wanda ɗigo kawai yake yi. Akwai ƙaramin da ake maƙalawa cikin wando, ya ishi mai ɗigo. Akwai wanda ake sawa kamar gajeren wando, ya dace da mai iya tafiya da kansa domin zai cire ya mayar ba tare da ya kira kowa ba, kuma ba a ganinsa a ƙarƙashin babbar riga ko zani. Akwai mai maɗauri a gefe, na wanda yake kwance ne, sai kuma shimfiɗar da ake sawa a kan katifa. A cikinsu akwai wani gari da ke shanye ruwa ya mayar da shi kamar kunu mai kauri ya riƙe, shi ya sa fata ke zama a bushe kuma zarni ke raguwa. Audugar mata ta al'ada ba a yi ta don fitsari ba, takan jiƙe da wuri ta bar danshi a jiki. A auna ƙugu kafin a saya, domin wanda ya yi yawa zai yi yoyo ta cinya, wanda ya matse kuma zai goge fata. Haɗa biyu ma asarar kuɗi ce, tunda bayan na ciki leda ce, ruwa ba zai ratsa zuwa na waje ba sai dai ya zuba ta gefe.

Kula da fata shi ne rabin aikin. A canza kunzugu idan ya jiƙe, kada a bar shi daga safe har dare don tattali, idan kuma da bahaya a canza nan take. A wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu marar kaifi, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin ko man da ke da sinadarin zink kaɗan. Wanda yake kwance a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, saboda danshi da dannewa su ne ke buɗe gyambon kwanciya a ƙugu da ɗuwawu, kuma gyambon nan ya fi kufcewar fitsarin kanta haɗari. Wanda aka yi amfani da shi a naɗe shi a ƙulle cikin leda, kada a jefa shi a masai don yana kumbura ya toshe, kada kuma a yar da shi a kwata ko a bayan gida inda awaki da yara za su ja shi. Na san kuɗinsa yana da nauyi a wannan zamani, shi ya sa babu laifi a yi amfani da tsumman auduga mai kauri da rana a gida, a wanke shi da sabulu a shanya a rana sosai, a ajiye na kanti don dare da fita.

Wani abu da iyayenmu ke yi a ɓoye shi ne rage shan ruwa, kuma wannan yana ƙara ciwon ne. Fitsarin da ya yi kauri ya fi wari, ya fi tsokanar mafitsara, a zafin Maris da Afrilu kuwa ƙarancin ruwa kan kwantar da tsoho. A sha ruwa da rana yadda ya kamata, a rage bayan magariba, a sassauta shayi da kofi da goro da lemon kwalba domin suna ƙara matsuwa. A ajiye fo ko bokiti mai murfi da fitila kusa da gado, a kuma saba zuwa makewayi bayan awa 2 ko 3 tun kafin a matsu.

Babbar damuwar dattawanmu ita ce salla, kuma a nan ne rashin sani ya fi cutar da su, domin shari'a ta yi magana a kan wannan larura tun da daɗewa. Malaman fiƙihu suna kiranta salasul bauli. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan fitsarin yana zuba rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ce an so mai wannan larura ya yi alwala ga kowace salla. An kuma yi rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinsa idan abin yana zo masa kullum. Allah Ya faɗa a Suratul Hajji cewa bai sanya mana ƙunci a cikin addini ba. Mutumin da ya yi tsarki, ya sa kunzugu mai tsabta wanda zai kare shimfiɗar masallaci, ya yi alwala, babu abin da zai hana shi jam'i ko Juma'a ko ɗawafi. A kai wa malami bayanin halin mutum dalla-dalla ya yi masa fatawa, haka ma 'yan'uwanmu Kirista kada larurar nan ta raba tsohonsu da coci.

Sauran magana a kanmu take, domin kayan nan ba sa aiki idan wanda aka sayo wa ya ji an wulaƙanta shi. Mahaifin da ya ciyar da gida shekara da shekaru ba zai karɓi abin da aka miƙa masa a gaban jikoki da surukai ba, kuma yana da gaskiya. A same shi shi kaɗai, ɗa namiji ga uba, 'ya mace ga uwa, ko kuma a bar likita ko wani amininsa ya fara buɗe zancen. Ana iya cewa, "Baba, likita ya ce a gwada wannan saboda tafiyar Juma'a," a ajiye a fita, a bar shi ya sa da kansa muddin yana iyawa. Idan ya ƙi a karon farko kada a yi masa faɗa, a ba shi lokaci. Wajen canza wa na kwance a rufe ƙofa, a lulluɓe abin da ba a bukatar buɗewa, a yi sallama a faɗa masa abin da za a yi, kada a toshe hanci ko a yi tsaki ko a yi masa magana irin ta jarirai. Ayar Suratul Isra'i da ta hana mu ce wa iyaye ko da "tir" ta ambaci lokacin tsufansu ne musamman, kuma ina ganin babu inda ake jarraba mu da ita kamar a bakin gadon da ya jiƙe da tsakar dare. Yaran gida kuma a tsawata musu tun ranar farko da suka yi dariya, domin daga bakinsu labari ke fita unguwa.

Kada kuma a jibge wannan hidima a kan mutum ɗaya. A gidaje da yawa matar ɗa ce ko autar gida take wanki da canji ita kaɗai, sauran 'ya'ya suna birni suna bugo waya suna tambayar jikin Hajiya. Wadda ta gaji takan yi fushi ko da tana da kirki, fushin kuma a kan marar lafiya yake sauka. Ku zauna ku lissafa abin da ake kashewa a wata na kunzugu da sabulu da safar hannu da man shafawa, kowa ya ɗauki kasonsa gwargwadon ƙarfinsa ya riƙa turowa a kan lokaci ba sai an roƙe shi ba. Sayen katan ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, sai a ɗora wa mutum ɗaya alhakin sayowa kafin na gida ya ƙare. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kwana biyu a mako ya karɓi mai jinya ta samu ta yi barci ta je gidansu, wanda yake da mota kuma ya ɗauki nauyin kai Baba ko Inna asibiti duk ranar da likita ya ce a dawo.