"Ba ya jin Hausa" wai shi ne abin alfahari

Kun dai ga abin da ya faru a wajen sunan jiya. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya ta miƙa wa jikanta hannu ta ce "zo nan, maigidana", yaro ya tsaya yana kallonta kamar daga sama ta faɗo. Uwar kuwa har da murmushi: "Hajiya ai ba ya jin Hausa, kada a rikita shi." Madalla! Sai a aika wa Sarkin Ingila ya tanadar masa kujera.

Rikitawa fa? Ku je Sabon Zango a Accra ku ga yaron da ke Hausa a gida, Ga ko Twi a kasuwa, Turanci a aji. Ɗan Bafulatani a Yola da Fulfulde da Hausa yake tashi, kansa bai taɓa fashewa ba. Yaro ɗan shekara uku zai cakuɗa kalmomin wannan da na wancan, gaskiya ne, daga baya kuma shi da kansa yake ware kowane da mazauninsa. Harshe ba ya korar harshe, ba kishiyoyi ba ne.

Na san me za ku ce: da Turanci ake rubuta WAEC da JAMB. Mun ji. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin nan a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida cur, Turanci kuma darasi ne kawai. Ba su faɗi ba, hasali ma sun fi takwarorinsu da aka juya wa karatu zuwa Turanci. Ku sake wata hujjar.

Ban ce babba ba ya koyon harshe ba. Ibon Sabon Gari da gemunsa yake koyon Hausa har ya fi ka iya ciniki, iyayenmu mata kuma da furfura suke haɗa baƙi a Islamiyya. Amma kunne yana da lokacinsa. Kafin jariri ya cika shekara ɗaya ya fara sabawa da sautukan da yake ji kullum, yana watsi da saura. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake wahalar raba "kasa" da "ƙasa". Turancin da kuke tsoron ya wuce shi, makaranta da talabijin da waya duk suna jiransa. Hausar kakarsa ce ba ta jira.

Wallahi fuskar tsohuwar nan ce ta hana ni barci. Ta janye hannunta ta gyara mayafi ta yi shiru. Tana da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana da sunayen kakanninsa, ba wanda za ta ba.

Af, wainar sunan nan wa ya yi ta? Tsaminta ya yi yawa, miyar taushen kuma ba ta kai kan maza ba.