Waya za ta iya raba matashin da ya warke daga cutar kansa da giya, in akwai mutum a bayanta

Ranar da likita ya ce an gama kemo, wato jinyar kansa da magunguna masu ƙarfi, murna ake yi, kowa ya koma harkarsa. Abin da ba a cika zaunar da matashi a faɗa masa ba shi ne, jikin da ya fito da shi daga asibiti ya bambanta da na tsaransa. Wanda aka yi wa ƙarin ruwan doksorubisin saboda kansar jini ko ta ƙashi, maganin na iya taɓa masa zuciya, kuma raunin kan yi shekaru a ɓoye. Yarinyar da aka gasa wa ƙirji da haske saboda cutar Hodgkin, wani nau'in kansa, haɗarin kansar mama ya fi yawa a kanta idan ta girma. Wanda ya daɗe a kan maganin kansa metotireksat, hantarsa ta ji jiki. A kan irin wannan jiki giya ke sauka idan matashin ya koma cikin abokai yana son ya nuna shi ma garau yake.

Alaƙar giya da kansa ba zato ba ce. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai hedikwata a birnin Lyon na Faransa, ta sa barasa a rukuni ɗaya da taba cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Jiki na mayar da barasa wani sinadari mai suna asetaldihayid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta ya kuma hana su gyara kansu. Baki, maƙogwaro, maƙoshi, akwatin murya, hanta, babban hanji da mama, duk an lissafa su. An ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai, sababbin masu kansa kusan 741,000 a duniya giya ce sila. Ga wanda ya riga ya sha da ƙyar sau ɗaya, wannan shi ne an gudu ba a tsira ba.

To me ya kawo waya cikin zancen? Bayan an gama magani, zuwa asibiti kan koma sau ɗaya a wata uku ko shida, 'yan mintocin kuma gwajin jini da hoto ke cinye su. In ma an tambaya “kana shan giya?”, sau da yawa uwa ko uba na zaune a gefe, amsar ba ta wuce “a'a” ko “jefi-jefi”. Ita waya ba ta da fuskar da za a ji wa kunya, kuma tana aljihu da ƙarfe goma na dare lokacin da ake miƙo kofi na uku. Wannan hujja ce mai ƙarfi, shi ya sa nake goyon bayan tsarin da asibiti zai ba matashin manhajar waya don ta taimaka masa ya rage giya ko ya daina. Sai dai goyon bayan da sharaɗi ne.

Manhajar kirki da awo take farawa. Akwai tambayoyi uku da ake kira AUDIT-C, waɗanda aka ciro daga guda goma na Hukumar Lafiya ta Duniya: sau nawa kake sha, nawa kake sha a ranar da ka sha, sau nawa kake kai awo shida a zama ɗaya. Maki daga 0 ne zuwa 12, kuma an fi ɗaukar 4 ga namiji, 3 ga mace, a matsayin inda ya kamata a fara damuwa. Inda ake tafka kuskure shi ne a kalmar “awo”. Mutane kwalba suke ƙirgawa, alhali awo ɗaya a ma'aunin hukumar giram 10 ne na tsantsar barasa (Amurka 14 take ɗauka, Birtaniya 8, abin da ke ƙara rikita masu sauke manhajar wata ƙasa). Kwalbar mililita 500 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kusan giram 20, wato awo biyu. Kwalba uku a dare ɗaya sun kai shidan da tambaya ta uku ke nema, mai shan kuwa yana ganin uku kawai ya sha. Manhajar da ba ta tambayar girman kwalba da ƙarfin abin da ke ciki, lissafin banza take yi.

Bayan awo sai shiri, kuma mai shan ne zai rubuta shi da kansa tun da rana yana cikin hayyacinsa: in aka miƙo na biyu zan ce kaza, in ƙarfe sha ɗaya ta yi zan tashi, in na matsu zan kira wane. Aikin waya shi ne ta dawo masa da kalamansa a daidai sa'ar da ya saba sha, ba ta aiko masa da nasiha da safiyar Litinin ba. Wata manhaja mai suna A-CHESS da aka ƙera a Jami'ar Wisconsin ta Amurka har gargaɗi take yi idan mutum ya doshi wurin da ya saba sha, tana kuma da maɓallin neman agaji. Sakamakon gwajinta da aka wallafa a 2014 ya nuna raguwar ranakun shan da ya wuce kima. Amma a lura, waɗanda suka fito daga cibiyar jinyar shaye-shaye aka gwada wa ita, ba masu kansa ba.

Wasu za su ce me ya sa ake maganar ragewa, ba dainawa ba, tunda a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin giyar da ba ya cutarwa? Gaskiya ne, dainawa ita ce manufa. Amma haɗarin na hawa ne da yawan abin da aka sha, don haka wanda ya sauko daga awo 20 a mako zuwa 8 ya ci riba. Manhajar da ke mayar da ƙidayar kwanakin ƙoƙarinsa sifili don ya zame dare ɗaya bayan kwana 40, korarsa take yi. Dama can riƙe mutane a kan irin waɗannan manhajoji aiki ne: mafi yawan masu sauke su kan watsar cikin makonnin farko.

Matsalar da ta fi tsorata ni ita ce ta wanda ke sha da yawa kullum. Irin wannan in ya yanke lokaci guda, cikin sa'a 6 zuwa 24 makyarkyata da gumi kan fara, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, daga kwana na biyu zuwa na uku kuma akwai ruɗewa da gane-gane da ke iya kai mutum lahira. Duk manhajar da za ta ce wa kowa da kowa “daina yau” ba tare da ta tace irin waɗannan ta tura su wurin likita ba, bai kamata asibiti ya ba da sunanta ba. Haka wanda ke shan maganin ciwo irin su mofin da tiramadol, ko maganin barci irin su diyazefam: haɗa su da giya na danne numfashi. Dole manhajar ta san magungunan da mutum ke sha da waɗanda aka taɓa ba shi.

Sannan sai a tambayi dalilin shan. Da yawa ba nishaɗi suke nema ba. Wani tsoron dawowar cutar ke hana shi barci duk lokacin da ranar hoto ta matso, wani zugin jijiyoyin ƙafa da kemo ya bari ne ke damunsa, giya kuma ƙara lalata jijiyoyin take yi. Saƙon tes ba ya maganin wannan. Abin da zai iya yi shi ne ya kai rahoto: in maki ya hau mako biyu a jere, ko mutum ya nuna ya fid da rai, nas ko mai ba da shawara a sashen kansa ya kira shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Asibitin da ba shi da wanda zai ɗauki wannan kira, bai shirya raba manhaja ba.

Kuma a fayyace wa matashin tun ranar farko wa ke ganin abin da ya rubuta, a ina ake ajiye shi, da yadda zai goge. Ko saƙon da ke bayyana a fuskar waya a kulle kada ya ambaci giya ko kansa, domin waya kan kwana a kan tebur a gaban mutane.