Kafin a sayi ƙaho, a nemo mai koyar da busa

Ranar 27 ga Mayu, ranar yara, na je filin wasa kallon fareti. Tun hantsi makarantu suka yi sahu, kowace da tutarta, takalma sun sha goga, fararen safa har gwiwa. Amma da aka fara maci, 'yan badujalar 'yan sanda ne suka yi ta busa wa yaran daga farko har ƙarshe. Makarantun gwamnati da suka zo da nasu kayan, ganguna ne kawai, wasu fatarsu ta saki sai ɗif-ɗif suke yi. Ƙaho ko ɗaya ban gani a hannun ɗan makarantar gwamnati ba. Na dawo gida abin yana cin raina, domin ni ma a irin wannan sahu na tashi, da bigila, wato ƙaramin ƙahon soja, a hannu.

Wanda ya koya mana tsohon soja ne, muna ce masa Baba Saje. Ranar farko bai ba mu ƙaho ba. Ɗan bakin busar kawai ya zare ya miƙa wa kowa, ya ce, "Yarana, ƙarfen nan ba shi da murya, muryar tana leɓenku." Sati biyu muka yi muna matse leɓe muna fitar da iska har sai ya yi rawa kamar ƙudan zuma. Bigila ba ta da maɓalli ko ɗaya. Muryoyi kamar biyar take bayarwa, kuma duk da matsin leɓe da ƙarfin numfashi ake samo su. Sai wanda ya iya wannan ake ba shi turamfet mai maɓallai uku, wadda in an warware bututunta zai kusa mita ɗaya da rabi, kowane maɓalli kuma ƙara wa iska tsawon hanya yake yi, murya ta sauka. Da hunturu leɓe kan tsage, mu shafa man kaɗanya mu ci gaba.

Abin da na samu a wurin, wanda ban samu a aji ba, shi ne sauraro. A aji kowa kansa yake yi wa karatu. A badujala kuwa, in ka riga na kusa da kai da ko rabin taki, kowa a filin ya ji. Dole kunnenka ɗaya yana kan babbar ganga, ɗaya yana kan maƙwabcinka, idonka yana kan mai sanda da ke gaba, ƙafar hagu tana sauka daidai da bugu, kuma duk wannan kana tafiya cikin rana. Akwai wani abokinmu da malamai suka sallama saboda rashin ji, kullum yana bayan katanga. Da aka ɗora masa babban ƙahon nan da ake rungumewa, shi ne ya koma mai riga kowa zuwa atisaye, don ya gane in babu shi kiɗan ba shi da gindi. Yaro in ya san ana jiransa a wani wuri da ƙarfe huɗu na yamma, rabin tarbiyyarsa ta samu.

Bara na leƙa tsohuwar makarantar tamu, na roƙi a buɗe mini sito. Kayan suna nan, har da sababbi da aka kawo bayan zamaninmu, wasu ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Na ɗauki turamfet guda, maɓallanta uku sun ƙafe, tsatsa kore ta bi gaɓoɓinta. Na leƙa bakin wata, zanzaro ya yi gini a ciki. Mai riƙe da makulli ya ce mini tun da tsohon da ke koyarwa ya rasu ba a sake busa ko ɗaya ba.

A nan nake ganin muke kuskure. Duk sanda aka tuna da badujala, kwangilar sayen kaya ake bayarwa, a jera su a ɗauki hoto, a kulle. Alhali ƙaho abu ne mai son hannu. Maɓallansa na son mai kusan duk ranar da za a busa, cikinsa na son wanki da ruwa mai ɗumi, kuma ƙurar hunturu tamu babbar abokiyar gabarsa ce: ta shiga tsakanin maɓalli da gidansa, yaro ya danna da ƙarfi, abin ya lanƙwashe. Gyaran da bai fi na minti goma ba a hannun wanda ya sani, shi ke kwantar da ƙaho shekara goma a sito. Ƙaho goma da malami ɗaya da mai gyara sun fi ƙaho hamsin da kwaɗo a ƙofa.

Mai son shaida ya duba 'yan Boys' Brigade na coci-coci a Jos da Kaduna da Kafanchan. Ƙungiyar a Glasgow aka kafa ta a 1883, kuma har yau yaransu suna busa, sau da yawa da tsofaffin kaya masu faci. Ba kuɗi suka fi gwamnati ba. Abin da suka riƙe shi ne manya suna koya wa ƙanana duk mako, ba a bari igiyar ta tsinke.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba na raina maganarsu. Wasu na ganin busa baƙon abu ne na Turawa. To, tarihin sarakunan Kano ya nuna tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa kakaki a fada. Kakaki ƙarfe ne, da rawar leɓe ake busa shi, daidai yadda ake busa bigila. Maɓallan da suka bambanta ƙahon Turawa da namu sai wajen 1818 aka yi musu rajista a ƙasar Jamus. Wasu kuma tsoronsu kada ɗansu ya zama maroƙi, don a wurinmu kiɗa da busa sana'ar gado ce ta wasu gidaje. Amma ɗan badujala ba ya wasa kowa, ba ya miƙa hannu, taken ƙasa da kiɗan maci yake busawa, kamar yadda soja ke yi. Batun addini shi ne mai nauyi, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma uban da ya ce ɗansa ba zai shiga ba, a girmama ra'ayinsa, kada a tilasta, kada a rage wa yaron maki. Sai dai ƙin wani bai kamata ya rufe wa ɗan wanda ya yarda ƙofa ba.

Akwai kuma abinci a cikin abin. Soja da 'yan sanda duk suna da rukunin badujala, suna ɗaukar ma'aikata, kuma yaron da ya zo ya riga ya iya busa da karanta rubutun kiɗa ya sha gaban wanda zai fara daga farko. Louis Armstrong, wanda duniya ta sani da turamfet, a badujalar gidan gyaran hali na yara a New Orleans ya ƙware da ƙaho. Hugh Masekela, shahararren mai busa na Afirka ta Kudu, yana ɗan shekara 14 a makaranta wani limamin coci, Trevor Huddleston, ya ba shi turamfet ta farko.

Shawarata ga ma'aikatun ilimi na jihohi ba mai tsada ba ce. A kowane babban gari akwai tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda da suka yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara talatin a ƙirjinsu. A ɗauke su da alawus na wata-wata, kowane ya riƙe makarantu biyu ko uku, har da na 'yan mata, don numfashi ba shi da namiji ba shi da mace. A zaɓi kwalejin fasaha ɗaya a kowace shiyya a koya wa ɗalibai gyaran kayan busa. Garin da ke da maƙeran tagulla da masu walda ba zai rasa hannun da zai like tsagar ƙaho ba. Kafin a sa hannu a kan wata sabuwar kwangila, a buɗe situna a ƙirga abin da ke ciki.

A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Tsofaffin nan da nake magana a kansu, da yawansu da shi suka fara busa, yana nan a leɓensu. Ina so ranar 1 ga Oktoba mai zuwa a samu ko da makarantar gwamnati ɗaya a kowace ƙaramar hukuma da yaranta za su busa shi da bakinsu.