Matar da ta mutu ta farka tana 'yar shekara 15

A jirgin ƙarƙashin ƙasa abin ya faru, layi na 5, mun taso aiki zan sauka a tashar Xiaobei da ke birnin Guangzhou na China. Wanda bai taɓa zuwa Guangzhou ba da wuya ya gane irin shirun jirgin nan. Tarago cike maƙil, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma ba mai ce wa wani sannu. Kowa ya sunkuya kan waya, babban yatsa na ta jan rubutu sama. Abokiyar aikina 'yar China tana tsaye kusa da ni tana share hawaye da bayan hannu. Na ce lafiya? Ta ce littafi ne. Da ma na taɓa ba ta labarin littattafanmu na soyayya, sai ta ƙara da cewa, "Naku ai duk aure ne da kishiya." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ta turo mini fassararsa ta Turanci. Irin wannan labari chongsheng suke ce masa, wato sake haihuwa, kuma shafukan karanta littattafai na intanet irin su Jinjiang cike suke da shi. Kusan kullum marubuci na sakin sabon babi, mai karatu ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya buɗe. Wannan dai labarin wata mata ce a gidan sarauta na zamanin da, mijinta da ƙanwarta da suka haɗa uba suka ci amanarta suka ba ta guba. Sai kawai ta buɗe ido ta gan ta a ɗakinta na gidan ubanta tana 'yar shekara 15, kuma ba ta manta komai ba.

Tsakani da Allah marubuciyar ta iya saƙa zance. Ɗan kunnen da aka ce ya ɓata a farko, can gaba shi zai tona asirin ƙanwar. Jarumar ba ta zaman kuka, ba ta suma a kai ta asibiti a yi mata ƙarin ruwa, lissafi take yi. Marubutanmu na WhatsApp su ɗauki wannan. Kwana uku na yi ban yi barcin kirki ba.

Sai dai soyayyar lami ce. Wadda ta riga ta san wa zai yaudare ta, wa zai riƙe amana, wane zaɓi ta yi? Satar amsa ce. Basaraken da ta aura karo na biyu ba shi da aibi ko ɗaya, maƙiyanta kuma duk an mayar da su sakarkaru don ta yi nasara. Ga jan labari, tunda kowane babi kuɗi ne. Kishiyar da aka raina mana kuwa, matar da ke karatu a Tudun Wadar Gusau ta san ta, ɗakinta na kallon nata, gobe ita ke da girki, kuma ba wata rayuwa ta biyu da za a gyara. Mu da aka karantar da mu a Suratul Mu'minun cewa mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi a ce masa a'a.

Kuma ba wai ba mu san zancen dawowa ba. Kakata a Ƙaura Namoda ta yi wabi, 'ya'ya huɗu ta binne, na biyar aka sa masa Ajuji don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Malamai sun yi ta wa'azi cewa camfi ne, na kuma yarda. Amma a wurin tsofaffinmu ɗan da ke tafiya yana dawowa abin fargaba ne, ba gata ba. Roƙon uwa ɗaya ne, ya zauna.

Abin da ban gaya wa abokiyar aikina ba shi ne dalilin kwana ukun nan. Inna ta rasu a 2020, lokacin korona, an rufe filayen jirage, ta waya na karɓi gaisuwa. Kiranta na ƙarshe ni na katse shi, mai kaya na jirana a bakin shago. Tana cikin tambayata ne ko ina samun dawa a nan in yi tuwo, na ce, "Inna, zan kira ki da dare."