Ku daina tsorata mutane da jan wata

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu. Ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025, bayan an tashi daga sujada, na tarar da wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa zaune a bayan majami'a tana share hawaye da gefen ɗankwalinta. Na tambaye ta ko rasuwa aka yi, sai ta ce, "Baba, duba," ta miƙo mini wayarta. Saƙo ne wani daga cikinku ya tura a zauren WhatsApp na zumuntar matasa, wai da almuru wata zai zama jini, wai wannan ce alama ta ƙarshe, kuma wai duk wanda bai tura wa mutum 10 ba ya yi musun Yesu. Yarinyar nan tana da jarrabawa a makon, amma ta kwana biyu ba ta buɗe littafi ba, domin a ganinta babu amfanin karatu ga wadda ba za ta ga Litinin ba.

Watan kuwa ya yi ja a daren, kamar yadda masana sararin samaniya suka lissafa shekaru masu yawa kafin a haifi wanda ya tura saƙon. Husufin wata ne, wanda kakanninmu ke cewa wata ya yi zazzaɓi. Duniya ce take shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa a kansa, sai ɗan hasken ranar da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya ya lanƙwasa ya isa gare shi, kuma da yake iskar tana watsar da shuɗin haske ta bar ja ya wuce, sai watan ya rine da irin launin da kuke gani kullum idan rana za ta faɗi. Abin da ya hana haka faruwa kowane wata shi ne hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi. Mutanen Babila ma, tun kafin haihuwar Almasihu, sun gano cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11. Abin da matsafa suka iya lissafawa a kan allon yumɓu, shi ne ɗan jami'a mai waya a hannu yake tura wa ƙannensa a matsayin wahayi. Lallai ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da a ce wannan ne karo na farko da na yi shiru. Wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Harold Camping, ya tsayar da 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar fyaucewa, wato ranar da za a ɗauke masu bi zuwa sama, har wasu mabiyansa suka ƙarar da dukiyarsu wajen tallar ranar, gari ya waye. Aka ce 21 ga Disamba 2012 wata duniya mai suna Nibiru za ta yi karo da tamu, aka ci Kirsimeti lafiya. A 2014 da 2015 an yi cikakken husufin wata sau 4 a jere, masu wa'azi suka cika talabijin da zancen jinin wata, aka wuce. Aka koma 23 ga Satumba 2017, aka ce taurari sun jeru daidai da Ru'ya ta Yohanna sura 12. Ranar 27 ga Yuli 2018 wata ya yi awa 1 da minti 43 dungurungum cikin inuwa, cikakken husufi mafi tsawo a wannan ƙarni, kuma na tuna irin saƙonnin da suka yi ta shigowa. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ku ba ku gajiya da ban ruwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ban taɓa ganin ko mutum ɗaya ya dawo zauren washegari ya ce, "Ku gafarce ni, abin da na tura ba gaskiya ba ne." Sai a yi shiru, a jira wani husufin.

Na san za ku ce ai annabi Yowel ya faɗa cewa rana za ta duhunta, wata ya zama jini. Ya faɗa, kuma manzo Bitrus ya janyo ayar a wa'azinsa na ranar Fentikos, amma daga ranar zuwa yau an yi husufin wata fiye da sau dubu, ikilisiya kuma tana nan tana jira. Littafin da kuka ciro ayar daga ciki shi ne ya ce a Matiyu 24:36 babu wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'ikun sama, sai Uba kaɗai. Shi ne ya ce a Irmiya 10:2 kada ku firgita da alamun sararin sama yadda al'ummai ke firgita. Shi ne kuma ya ce a Maimaitawar Shari'a 18:22 idan mutum ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Wanda ya danna tura a kan saƙon da bai tantance ba ya sa hannunsa cikin shaidar zur, ko da niyyarsa mai kyau ce, domin magana zarar bunu ce.

Ku duba kuma irin kunyar da kuke jawo wa bishara. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya yi gargaɗi sama da shekara 1,500 da suka wuce cewa idan marar bi da ya san tafiyar rana da wata ya ji Kirista yana shirme a kansu yana jingina shirmen ga Nassi, zai raina Nassin har a batun tashin matattu. Abokin karatunku da ya ga saƙonku na jinin wata, da wane ido zai dube ku gobe idan kuka zo masa da zancen gicciye? Ga shi kuwa sanin sama yana taimakon mai karatun Littafi Mai Tsarki. Duhun da ya rufe ƙasa awa 3 ranar gicciye ba zai zama kusufin rana na yau da kullum ba, domin Idin Ƙetarewa yana zuwa ne lokacin da wata ya cika, kusufin rana kuwa sai a ƙarshen wata yake aukuwa, kuma duhunsa ba ya kai minti 8. Waɗanda suka ga na 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Ghana da Nijeriya da Nijar, sun san cewa kafin kaji su gama shiga akurki rana ta dawo.

Masu bi ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Kofanikus, wanda ya nuna a 1543 cewa duniya ce ke kewaya rana, ma'aikacin babbar majami'ar Frombork ne a ƙasar Folan. Kepler ya yi karatun tauhidi da nufin zama fasto kafin ya gano dokokin tafiyar duniyoyi. Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Ikilisiya ta taɓa yin kuskure, ta gurfanar da Galileo a 1633, sai a 1992 Fafaroma John Paul na biyu ya amsa laifin a fili, kuma ya kamata shekarun nan 359 su ishe mu darasi. Ranar Ista ma da lissafin cikar wata ake tsayar da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, yawancin masu tura saƙonnin nan su ne kuma masu duba burujinsu kowace safiya su ga ko za su yi sa'a, su ne masu cacar ƙwallo a waya har cikin sujada, su ne masu bin annabawan da ke sayar da man shafawa a kwalba. Tsoro da kwaɗayi a gida ɗaya suke kwana. Ku riƙa tambaya, ku riƙa karatu, matambayi ba ya ɓata.

A zamaninmu malamin makarantar Lahadi ba ya barinka ka janyo aya sai ka karanta abin da ke gabanta da bayanta. Iyayenmu da ba su shiga aji ba sun san Gamzaki, sun san Zara matar wata, suna nuna mana Kaza da 'ya'yanta a tsakar gida, taurarin da Allah ya tambayi Ayuba ko zai iya ɗaure su a sura 38. Idan aka karanta Zabura 19 cewa sammai suna bayyana ɗaukakar Allah, mun san abin da ake nufi, domin mun kwana a ƙarƙashinsu. A daren Lahadin nan na fita bakin titi da jikokina biyu muka ga watan ya fito jajawur daga gabas, kuma a duk layinmu ban ga matashi ko ɗaya ya ɗaga kai ba, kowa ya sunkuya yana tura hoton watan.