Teburin nan mai hawa da sauka: ƙafafun za ka saya, kafinta ya yi maka saman

Jama'a barkanmu da warhaka. Maganar teburin nan nake so in yi, wanda ake danna botin ya tashi sama ka yi aiki a tsaye, ka sake dannawa ya sauko ka zauna. Ina ganin matasanmu masu aiki daga gida, masu zane da masu gyaran bidiyo da masu rubuta manhaja, kowa yana sha'awarsa, kuma wallahi abu ne mai amfani, ni ma da shi nake aiki. Amma abin yana damuna yadda mutum zai tara kuɗinsa da guminsa ya je ya sayo saboda kyan katakon saman da ya gani a hoto, bai tambayi komai ba game da ƙarfen da ke ƙasa. Alhali duk kuɗin teburin nan a ƙafafu yake. Firam ɗin kawai za ka saya, wato ƙafafu biyu da injinansu da akwatin kwantirol da botin, sai ka kira kafintan unguwarku ya yanka maka saman daidai ɗakinka. Katako muna da shi, masu aikinsa ma muna da su, to meye dalilin biyan kuɗin dakon allo mai nauyi daga ƙasar waje wanda galibi ma garin katako ne aka matse aka lulluɓe da leda?

Abu na farko da za ka tambayi mai sayarwa, inji nawa ne a ciki. Akwai mai inji ɗaya, shi injin yana gefe ɗaya sai wani dogon ƙarfe ya ratsa ya riƙa juya ɗaya ƙafar, ya fi araha, yawanci yana ɗaukar kilo 70 zuwa 80 kuma yana tafiya a hankali. Akwai mai inji biyu, kowace ƙafa da nata a ɓoye a ciki, wannan yana kai kilo 100 zuwa 120 ko fiye. Kar ka manta nauyin da suka rubuta har da katakon saman a ciki, ba kayan da za ka ɗora kaɗai ba. In laftof ɗaya ce gare ka da littafi, mai inji ɗaya ya ishe ka. Amma in kana da monita biyu da sifika da firinta, ga kafinta ya kawo maka katako mai kauri, dan Allah ka daure ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai biyu, domin injin da kullum yake aiki a ƙarshen ƙarfinsa ba ya daɗewa.

Sai gaɓoɓin ƙafar. Wata gaɓa biyu ce, wata uku. Mai biyu yawanci daga wajen santimita 70 take farawa ta tsaya kusa da 120, mai uku kuma tana sauka har kusan 60 ta haura 125. Mutane suna kallon iya tsayin da zai kai sama su manta da ƙasa, kuma nan ne ake cutar gajeru, musamman 'yan uwanmu mata, don in tebur bai sauka ƙasa da 70 ba to mai matsakaicin tsayi sai ta ɗaga kafaɗa kafin ta taɓa kibod, ciwon wuyan da aka gudu sai ya dawo ta wata ƙofa. Ka ɗauki tef kafin ka biya ko sisi. Ka zauna a kujerarka tafin ƙafa a ƙasa ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunka, ka miƙe tsaye ka sake aunawa, lambobin nan biyu dole su faɗa cikin iyakar firam ɗin bayan ka cire kaurin katako.

Yanzu ga wadda ta fi shafarmu, wuta. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 110 zuwa 120V, kuma akwatin kwantirol na teburan nan da yawa ba kamar cajar laftof ba ne da take karɓar kowace iri. In aka aiko maka da na Amurka ko ka samu na hannu a kasuwa, ka juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa da idonka kafin ka jona, in 110V kawai ka gani to ba taransifoma ba jonawa, in ba haka ba ƙauri za ka ji shikenan. Na Ingila shi ne daidai da mu har filogi. Sannan yadda wutarmu take rawa, a kawo da ƙarfi a ɗauke ba sallama, ni dai ba zan jona shi kai tsaye a bango ba sai ta sitabilaiza ko inbata. Masu sola ku kwantar da hankalinku, ba ya cin wuta, 'yan daƙiƙoƙin da yake motsi ne kawai yake ja, sauran lokaci kusan ba komai. Matsalar ita ce in aka ɗauke yana sama to a sama zai kwana, ba ka da yadda za ka sauke shi da hannu. Shi ya sa wanda unguwarsu wuta sai a hankali kuma ba shi da inbata, gaskiya gara ya nemi mai hannun juyawa, ba abin kunya ba ne, aikin ɗaya suke yi.

In da hali ka tambayi wane kamfani ya ƙera injin, don sunan da ke jikin kwali daban, mai yin injin daban. Linak na Denmark sun yi suna sosai, Jiecang na China su ne a cikin tebura masu yawan gaske, akwai TiMotion na Taiwan. In mai sayarwa ya kasa gaya maka, aƙalla ya gaya maka garantin shekara nawa ne kuma in akwatin kwantirol ya mutu zai iya samo maka wani ko a'a.

Wajen kafinta kuma ka tsaya a kansa. Kaurin saman kar ya gaza santimita 2, in ya kai 2.5 ya fi, kuma katakon ya zama busasshe, don ɗanyen katako da hunturu ya busa zai lanƙwashe ya ja firam ɗin ya karkace. Ka duba tsawon sukurorin kafin ya ɗaura kar su ɓullo ta sama. Ya goge bakin da hannunka zai kwanta a kai ya yi sumul. Bayan an haɗa ka ɗaga shi can sama ka dafa ka girgiza, in monita tana rawa ka bi notocin da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ake ɗaure su da shi, ka ƙara ɗaurewa, sannan ka murɗa 'yan robobin ƙarƙashin ƙafa har ya zauna daram, don tayil ɗinmu da simintinmu ba kasafai suke daidai ba. Wayoyi kuma ka ɗaure ekstenshin a ƙarƙashin katakon ya riƙa tafiya tare da tebur, waya ɗaya tak mai tsawo ta sauka zuwa bango, ka gwada ta tebur yana can ƙarshen sama.

To sai amfani da shi, kuma nan ne nake da ja da masu talla. Tsayuwa ba motsa jiki ba ce. An haɗa bincike da yawa a 2018 aka ga bambancin abin da jiki ke ƙonawa tsakanin zama da tsayuwa wajen kalori 54 ne kacal a awa shida, to wanda ya saya don ya rage tumbi ya sake lissafi. A 2024 ma masu bincike a Jami'ar Sydney sun duba bayanan mutum sama da 83,000 a Birtaniya, suka ga yawan tsayuwa bai kare mutum daga ciwon zuciya ba, in ma ta wuce awa biyu a rana haɗarin kumburin jijiyoyin ƙafa yana ƙaruwa. Ku tambayi masu aski da malaman makaranta da masu tuyar ƙosai a tsaye yadda dunduniya da ƙugu suke yi musu da yamma. Amfanin teburin nan shi ne ka riƙa canzawa, kar jikinka ya sandare a yanayi ɗaya. Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell ya ba da tsari mai sauƙi, a kowane rabin awa ka zauna minti 20, ka tsaya 8, ka yi tafiya 2. Ba dole ka bi shi da agogo ba, amma ka fara kaɗan kaɗan, ka sa silifas mai laushi ko ka shimfiɗa wani abu mai taushi a kan tayil, saman monita ya yi daidai da idonka. Kuma ka sayi mai botin ajiye tsayi, ka saita ɗaya na zama ɗaya na tsayuwa, domin in kullum sai ka riƙe botin kana lalube to sati biyu ka daina ɗagawa.

Masu yara a gida ku kula da wannan sosai. Yaro in ya gano botin nan ya samu abin wasa, kuma injinan an yi su ne su yi aiki kamar minti 2 su huta 18, in aka matsa musu akwatin ya yi zafi ya tsaya. Abin da ya fi wannan tsoro shi ne tebur ya sauko a kan hannu ko kan yaro yana ƙarƙashi. Ka nemi mai tsayawa da kansa in ya ci karo da abu, ka gwada shi da kwali ka ga da gaske yana ja baya, in yana da makullin yara ka kunna, in babu ka zare filogi duk sanda za ka bar ɗakin.