Darasin zane a firamare: ana cin jarrabawa, hannu bai taɓa fenti ba

Tun da gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhajar karatu a 2025 aka rage wa yara yawan darussa, nake ta jin wani ƙorafi daga bakin wasu iyaye da masu makarantun kuɗi. Wai don me aka bar darasin al'adu da zane-zane, wanda yara suka fi sani da CCA, alhali ga lissafi, ga Turanci, ga kwamfuta duk suna neman lokaci? A ganinsu zane wasa ne, kuma ba don wasa suke biyan kuɗin makaranta ba. Maganar tana ci mini rai, domin yawancin masu yin ta ba su taɓa leƙa aji sun ga abin da ake yi da sunan wannan darasi ba.

Da sun leƙa, da sun tarar ko zanen ba a yi. Malama za ta shigo ta rubuta ma'anar zane a allo, ta jera ire-iren layi, ta jera launuka uku na asali: ja, shuɗi, rawaya. Yara su kwafe. Ƙarshen zango a kawo tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu. Yaro ya haddace cewa shuɗi da rawaya in sun haɗu kore suke bayarwa, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa gauraya su ya gani da idonsa ba. In an yi ƙoƙari, a raba musu hoton tuffa da aka buga a inji, a ce su cike da kala kada su tsallake layi. A wasu makarantun kuma a ba ɗan aji uku aikin gida da kowa ya san ya fi ƙarfinsa, uban ya kai wa mai rubuta allon talla a bakin titi ya biya, ranar taron iyaye a manna a bango ana tafi. Wannan yaudara ce, kuma yaron ya san yaudara ce.

Koyar da zane na gaskiya ba shi da wuya haka. A ɗora buta a kan tebur kusa da taga. A ce wa yara su dube ta tukuna, kada kowa ya taɓa fensir. Ina cikinta ya fi faɗi? Tsawon wuyanta ya kai rabin cikin? Ta wane gefe haske ya sauka, ina inuwa ta kwanta? Sannan malam ya nuna musu yadda ake riƙe fensir sako-sako, a fara da layi mara nauyi, a miƙa hannu a rufe ido ɗaya a auna tsawo da jikin fensirin. Zanen farko zai fito a karkace, a bar shi, a yi wani a gefensa. Yaron da ya yi wata uku yana wannan ya koyi duba abu da kyau kafin ya yanke hukunci, kuma hannunsa ya fara bin idonsa. Da wannan hannun zai zana kusurwa a lissafi, ya zana sassan fure a kimiyya. Sabuwar manhajar tana alfahari da koyar da sana'o'i irin su ɗinki da gyaran waya a ƙaramar sakandare. To telan da bai iya fitar da siffar riga a takarda ba, yaya zai yanka yadi?

Masu fakewa da addini su koma ga malamai: saɓanin a kan surar mai rai yake, kuma Ibn Abbas da kansa ya ce wa mai sana'ar zane ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Masu cewa babu kuɗin kayan aiki su ma ban karɓi uzurinsu ba. Almajiri a tsangaya da gawayi da ƙaro yake haɗa tawadarsa, da kara yake feƙe alƙalaminsa, kuma idan sauka ta zo a yi wa allo zayyana mai layuka da launuka da za ka tsaya kana kallo. Ba a jira kwangilar kowa ba. Ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga baba da marinar Ƙofar Mata ke aiki da shi ɗaruruwan shekaru, ga kwalayen da ake zubarwa a kasuwa.

Abin kunyar shi ne a ƙasar Hausa da ta gaji zanen bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, ta gaji dagi da aska takwas a babbar riga da ɗinkin hula, a nan ne ake ce wa yaro zane baƙon abu ne. A Zariya ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka ce zanen Najeriya ya tsaya da ƙafarsa a kan al'adun gida. Hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane yana bayan takardar naira 20 da yaro ke sayen alawa da ita, amma ba a taɓa ba shi yumɓu a makaranta ya murza ba.

Kwalejojin ilimi da Jami'ar Ahmadu Bello suna yaye masu takardar zane duk shekara, da yawansu suna zaune babu aiki, darasin kuma an jingina wa duk malamin da ya rage babu aji. Hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB, su ɗebo su. A soke jarrabawar zaɓi a wannan darasi, makin yaro ya fito daga abin da hannunsa ya yi a cikin aji, a gaban malam. Shugaban makarantar da bai samu ƙwararre ba ya gayyato mai zayyana ko mai ɗinkin hula na unguwa ko sau ɗaya ne a wata.